Rabin Mita Kowace Awa

4 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Gwaggo da duk mutanen gida. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da karatu. Mama tana lafiya, ƙafar ce dai take damunta idan ta daɗe a tsaye.

Na san sai ka juya takardar ka duba bayanta kafin ka gane wace ce. Ni ce Auta, 'yar ƙanwarka mai wanki da guga ta layin sama, wadda mahaifiyarta da taka mahaifiyar suke ciki ɗaya. Yaya ya ce rabonka da ni tun ina goye. Shi ya ba ni adireshinka, ya kuma ce kada in wahalar da kaina da waya, ƙarar injin famfo ta cinye maka kunne tun kafin ka yi ritaya. Shi ya sa na ɗauko biro.

Ba zan yi ta zagaye-zagaye ba, alfarma nake nema. Ina shekara ta uku a jami'a, sashen lissafi. Akwai wani kwas da muke kira difarenshiyal. Abin da ake yi a cikinsa shi ne, a gaya maka saurin da abu yake canzawa da kuma inda ya fara, kai kuma ka faɗi inda zai kasance a kowane lokaci. Bara na faɗi shi. Dokar sashenmu, wanda ya faɗi sau biyu sai a nuna masa ƙofa, don haka bana ce damata ta ƙarshe.

Ni dai ɗakin jarrabawa ba ya yi da ni. Da zarar an ce a fara, kaina sai ya zama fanko. Sa'ar da na yi, maki arba'in cikin ɗari na aikin bincike ne. Dakta, malamin kwas ɗin, ya ce kowa ya samo wani abu na gaske da yake canzawa, ya rubuta lissafinsa, ya warware, sannan ya gwada amsar da lambobin da aka auna da hannu. Rabin ajin sun zaɓi shayi yana hucewa, saboda kofi da ma'aunin zafi kawai ake buƙata. Ni na zaɓi tankin ruwan unguwarmu, wanda na girma ina kallonsa ta tagar ɗakinmu. Sai da na miƙa sunan aikin sannan Yaya ya tuna mini an sauke tankin shekara biyar da suka wuce, yanzu wurin garejin motoci ne.

Shi ne ya ce kai ka riƙe tankin nan shekara da shekaru, kuma ya taɓa ganin littattafan da kake rubuta tsayin ruwa a ciki. Idan suna nan, ina roƙon ka kwafo mini ko da na mako biyu ne, tare da tsayin tankin da lokacin da ake buɗe shi. Ƙarshen miƙa aikin farkon watan Mayu ne.

A gaida Gwaggo, ko da ba ta san ni ba.

'Yarka,
Auta

19 ga Fabrairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direban da yake kawo mana saƙo ranar kasuwa. Muna lafiya. Gwaggonki ta amsa gaisuwa, ta ce ta san ki sarai, kin taɓa yi mata fitsari a zane. Ni kuma kunnen ne kamar yadda aka gaya miki, amma ido da hannu suna aiki.

Kin ce mahaifiyarki tana lafiya, ba ki ce tana gaishe ni ba. Na yaba miki da ba ki ƙara abin da ba a faɗa ba. Allah ya ba ta sauƙin ƙafar.

Littattafan suna nan, guda talatin da ɗaya, a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Da na yi ritaya ofis ya ce ba ya buƙatarsu, ni kuma ban ga dalilin barin su ga gara ba. Gwaggonki ta sha neman ta kunna wuta da su. Yau da na nuna mata takardar jami'a tana neman su, sai ta tashi ta shiga kicin.

Ga abin da kika tambaya. Tankin a kan tudu yake zaune, tsayinsa mita shida, faɗinsa ɗaya daga sama har ƙasa. Bututun fita yana can gindi. Injin yana cika shi kafin asuba, ƙarfe shida na safe in buɗe bawul, wato makunnin bututun, ƙarfe shida na yamma ya ƙare tas. Ba a rufe famfo a unguwar nan, kowa yana barin nasa a buɗe da bokiti a ƙasa. Layin sama, wato layinku, ya kusa kai tsayin tudun, saboda haka ruwa ba ya hawa can sai idan akwai mita biyu ko fiye a tanki.

Na kwafo miki na kwana goma sha huɗu a takardu uku da na haɗa da wannan. Za ki ga rabin mita ne yake sauka kowace awa. Ƙarfe shida mita shida, ƙarfe bakwai biyar da rabi, sha biyun rana mita uku, haka har ƙasa. Shekara ashirin da shida ban taɓa barin gurbi a littafin nan ba, ko ranar da aka haifi ɗana na fari. Masu dubawa daga babban ofis sun taɓa ɗaukar littafina su zagaya da shi tashoshi a nuna wa ma'aikata yadda ake aiki.

Ban san difarenshiyal ba, amma idan tanki ne, kin zo wurin da ya dace. Ki nuna wa Daktan naku, ki ce daga hannun wanda ya yi aikin ne.

Kawunki

9 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin kunne, yaya Gwaggo? Ka ba ta haƙuri game da zanen, a lokacin ba ni da lauya. Mama tana lafiya, Yaya ya kai ta asibiti an ba ta maganin shafawa.

Takardun sun iso, na gode ƙwarai. Rubutunka ya fi na duk malamanmu kyau. Sai dai na shiga wata matsala, kuma kai kaɗai nake da wanda zan tambaya.

Ga yadda lissafin yake. Idan tanki yana cike, nauyin ruwan sama yana danna na ƙasa, sai ya fita da ƙarfi. Idan ya ragu, dannawar ta ragu, fitar ma ta ragu. Wato saurin saukar ruwa ya dogara da yawan ruwan da ya rage. Wannan shi ake rubutawa a layi ɗaya, sai a raba shi, tsayin ruwa a gefe guda, lokaci a ɗaya gefen, a warware kowanne, a sa mita shida a matsayin mafari. Irin lissafin da ya kayar da ni bara ne, amma wannan karon ya fito mini sumul, har na ji tsoro. Na sake yi sau huɗu, ta hanya biyu daban, amsa ɗaya.

Amsar ta ce ruwan yana zubewa da gudu da safe, sannan ya yi ta jan ƙafa da yamma. Idan na zana ta, layi ne mai lanƙwasa. Ta ce sha biyun rana mita ɗaya da rabi ne ya kamata ya rage, wato kwatan tanki. Littafinka kuma ya ce mita uku. Idan na zana lambobinka, layi ne miƙaƙƙe kamar an sa rula, kuma duk kwana sha huɗun iri ɗaya ne, babu ranar da ta kauce ko da yatsa ɗaya.

Na yi tunanin ko tankin ya fi faɗi a sama, amma ka ce faɗinsa ɗaya. Ko kana ƙara buɗe bawul ɗin a hankali yayin da rana take yi? Ko injin yana ƙara ruwa da rana? Idan akwai wani abu irin wannan, sai in sa shi a lissafin, komai ya daidaita.

Wani abu ya ba ni dariya. Na tambayi lissafina yaushe ruwa zai sauka ƙasa da mita biyu, ya ce ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci. Ka san a gidanmu da wannan muka tashi. Kullum da safe Mama tana cewa mu yi sauri da ɗaurayar kayan mutane, sha ɗaya ta kusa. Bayan sha ɗaya sai mu ɗauki jarkoki mu gangara layin ƙasa. A littafinka kuwa sai ƙarfe biyu ruwan yake kai wa mita biyu. Ko dai agogonmu ne yake gudu?

Ina jiran amsarka kafin in ci gaba.

'Yarka,
Auta

22 ga Maris

Auta,

Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Ba na taɓa bawul bayan na buɗe shi, kuma injin ba ya aiki da rana. Bututu ɗaya ne, faɗinsa ba ya canzawa daga safe zuwa yamma, don haka abin da ya fita a awar farko shi zai fita a ta ƙarshe. Wannan ba sai an je jami'a ba.

Maganar ƙarfe sha ɗaya kuma, na gane daga inda ta fito. Ki gaya wa mahaifiyarki saƙo ya iso. Shekara ashirin ke nan, na ɗauka an bar zancen, ashe jira ake ki yi karatu a zo mini da shi ta wata ƙofa. Da ta rubuto da kanta ya fi.

Littafin yana nan yadda yake. Idan kina son lambobin da aka auna, su ke nan. Idan wasu kike so, ba ni da su.

Kawunki

6 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo. Ina fatan kowa lafiya. Mama tana lafiya. Ni ce dai mura ta kama ni mako guda, ta sake ni.

Na karanta takardarka sau uku ban gane ba, sai da na kira Yaya. Shi ya gaya mini abin da ban sani ba, cewa ina goye Mama ta je ofishinku ta ce ruwa yana yanke wa layin sama tun sha ɗaya, ta roƙi a riƙa rage bawul ɗin layin ƙasa da safe don ya ɗan daɗe a wurinmu, kai kuma ka juyo mata da littafin a gaban mutane ka ce har ƙarfe biyu ana ba mu ruwa, ta je ta gyara bututunta ko ta riƙa tashi da wuri. Na san ba kwa magana, ban taɓa sanin dalili ba. A gidanmu ba a kawo sunanka, ni kuma ban tambaya ba.

Wallahi Mama ba ta san ina rubuto maka ba. Ba ta ma san sunan kwas ɗin ba, ita dai ta san akwai wani lissafi da yake neman koro ni gida. Maganar ƙarfe sha ɗayan nan na rubuta ta ne don na ga abin dariya. Ka yi haƙuri.

Game da aikin, na bi littafin. Kai ka tsaya a gindin tankin shekara ashirin da shida, ni kuwa ko bara ban iya cin kwas ɗin ba, don haka na ɗauka kuskuren nawa ne. Na cire maganar nauyin ruwa daga lissafin, na ce saurin fita ɗaya ne daga safe zuwa yamma. Amsar ta fito layi miƙaƙƙe, ta hau kan lambobinka daram. Shafi shida na aikin farko na yage, sabon bai cika shafi biyu ba. Gobe zan kai wa Dakta ya duba kafin miƙawar ƙarshe.

Ba na jin daɗinsa, amma ya dace da abin da aka auna, kuma abin da aka ce mu yi ke nan.

'Yarka,
Auta

24 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu muna lafiya.

Dakta ya dawo mini da aikin. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya riƙe takardun da yatsa biyu ya ce wannan lissafin 'yan firamare ne aka sa masa riga, kuma duk wanda ya taɓa huda gwangwani ya san ruwa ba ya fita haka. Ya tambayi wa ya auna lambobin, na ce kawuna. Ya ce to ko dai kawun nawa yana da tankin da babu irinsa a duniya, ko kuma ni na zauna na ƙirƙiro su a ɗaki. Idan na biyun ne, ba faɗuwa kawai zan yi ba, kwamiti zai kai ni.

Ya ba ni zuwa sha biyu ga Mayu. Ranar zan tsaya gabansa da wani malami in yi bayani da baki, da lambobin da zan iya rantsuwa a kansu.

Ban rubuto don in matsa maka ba. Na ga dai ya kamata ka san inda takardunka suka kwana. Idan ba ka son in ƙara rubutowa, shirun ya isa amsa.

Auta

3 ga Mayu

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai bayana da ya riƙe saboda sunkuyo, za ki ji dalili. Gwaggonki tana gaishe ki. Takardunki biyu jiya suka iso tare. Motar direban ce ta lalace, ya jefa su a aljihun gaban mota ya manta da su har aka gama gyara. Shirun ba amsa ba ne. Na karanta abin da kika ce game da mahaifiyarki, na yarda, kuma ni ne da ba da haƙuri.

Bayan na aika miki waccan takarda mai zafi, maganar nauyin ruwa ta ƙi barina. Ina da durom a tsakar gida wanda muke tara ruwan wanka. Na ce bari in huda shi in auna, in aiko miki da lambobin ki kai wa Daktan naku ya ji kunya. Niyyata ke nan, ba zan ɓoye miki ba.

Na huda shi a gindi, rami kamar kaurin fensir. Na samo sanda na yi mata zane da rula. Na cika durom ɗin zuwa santimita tamanin. Gwaggonki ta riƙe agogo, kuma da yake ba na jin kira, duk minti biyar sai ta dafa kafaɗata in tsoma sanda. Ya ƙare a minti arba'in. Ga abin da sandar ta nuna, daga farko zuwa ƙarshe: 80, 62, 45, 32, 21, 12, 6, 2, sai babu.

Kin ga na tsakiyar. A rabin lokaci, ashirin da ɗaya ya rage cikin tamanin. Na ce ramin ne bai huda daidai ba, na toshe na sake wani. Na ce durom ɗin ne ya karkace, na sa masa bulo. Kwana tara ina wannan, har Gwaggonki ta ce idan na ƙara zubar mata da ruwa zan koma wanka a rafi. Duk na rubuta su, suna cikin takarda ta biyu. Babu ranar da ya ba ni rabi.

Yanzu ga abin da ban gaya miki ba, don ban taɓa ɗaukarsa abin faɗa ba. Ma'aunin da ke jikin tankin ya lalace tun kafin in kama aiki, ba a kuma gyara shi ba. Idan kana son sanin tsayin ruwa sai ka hau tsani mita shida ka zura igiya. Wanda ya koya mini aikin, wani dattijo da muke kira Dogo, ya nuna mini yadda ake yi. Ka hau da safe ka ga ya cika, ka leƙa da yamma ka ga ya ƙare, ka raba shida gida sha biyu, ka cike layukan. Ya ce bututu ɗaya ne, ruwa ba ya da son kai. Haka shi ma aka koya masa, haka na koya wa mutum huɗu a bayana. Ba mu ɗauke shi ha'inci ba. Ni a raina aunawa nake yi, ta hanyar da ta fi sauƙi. Shekara ashirin da shida ban taɓa hawa tsanin nan da tsakar rana ba, ko sau ɗaya.

Ranar da mahaifiyarki ta zo ofis, tsanin yana bayana, taku goma. Sha ɗaya da rabi ne ma lokacin. Da na hau, da na gani. Na buɗe mata littafi maimakon haka. Bawul ɗin layin ƙasa kuwa juyi biyu ne, ba ya buƙatar izinin kowa.

Jiya na zauna na lissafa, ban yi da difarenshiyal ba, da yatsu na yi. Awa uku kowace rana nake rubuta wa layinku ruwan da bai samu ba. Ke kika ɗauki jarkokin, kin fi ni sanin nisan.

Ki ɗauko shafukan da kika yage, idan ba ki zubar ba. Ki sa lambobin durom. Na sa hannu a ƙasan kowace rana, Gwaggonki ta dangwala yatsa a matsayin mai riƙe agogo, ki rantse a kansu ba fargaba. Littafin tankin ma kada ki cire shi. Ki sa shi a gefe, ki rubuta yadda aka cike shi, ki kuma rubuta cewa kawunki ne ya cike. Kada wani kwamiti ya ɗora miki abin da ba ke kika yi ba.

Wannan takardar ba direba zan ba ba. Makwabcinmu mai gyaran firji zai shigo garinku jibi, ya yi alkawarin kawo ta har ƙofar sashenku.

Kawunki

2 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan bayan ya saki, kuma Gwaggo ta samu durom ɗinta ya dawo aikinsa. Ina gida yanzu, an yi hutu. Kowa lafiya.

Mai gyaran firji ya cika alkawari, sai dai sashen kimiyyar sinadarai ya kai ta, ta kwana huɗu a can kafin wata sakatariya ta gane ba tasu ba ce. Ranar goma ga wata ta shigo hannuna. Shafukan da na yage suna nan, na sa su ƙarƙashin katifa don ban iya zubar da su ba. Na manna su da salatif, na canza mita shida zuwa santimita tamanin, awa sha biyu zuwa minti arba'in. Lissafin ya ce 80, 61, 45, 31, 20, 11, 5, 1. Ka duba naka. Babu inda muka saɓa da fiye da santimita ɗaya. Na daɗe zaune ina kallon layuka biyun, na ji daɗin da ban taɓa ji a makarantar nan ba.

Ranar sha biyu na tsaya gabansu. Dakta ya sa na warware lissafin a allo daga farko, wannan karon kaina bai zama fanko ba, don durom nake gani ba alamomi ba. Ɗaya malamin ya tambayi me ya sa lambobinka suke ɗan fin nawa a ƙarshe, na ce ina jin ramin ba a can gindi sosai yake ba. Ya gyaɗa kai. Sannan Dakta ya karanta shafin da na yi bayanin littafin tankin. Na rubuta shi yadda ka ce, da sunanka a matsayin kawuna. Ya tambaya ko ka san na rubuta haka, na ce kai ka umarce ni. Sai ya ce a gaya maka aunawar durom ɗin ta fi ta duk masu kofin shayi tsafta.

Sun ba ni talatin da huɗu cikin arba'in. Jarrabawar kuma ta tafi yadda ta saba, na samu ashirin da ɗaya cikin sittin. An haɗa, na ci. Ba a nuna mini ƙofa ba, zan shiga shekara ta huɗu.

Sauran magana ɗaya. Ba ka ce in nuna wa Mama takardarka ba, ba ka kuma ce kada in nuna ba. Shekaranjiya tana guga, na ce mata akwai abin da zan karanta mata. Na karanta tun daga huda durom har zuwa jarkoki. Ba ta ɗago ba, ta gama rigar da ke gabanta, ta ninke, ta ɗauko wata. Can ta tambaye ni sau nawa ka cika durom ɗin, na ce kwana tara, wata rana sau biyu. Ta tambaya ko famfo ne a gidanku, na ce Yaya ya ce daga rijiyar makwabta kuke ɗebowa.

Ta ce, "To, ya ɗan ɗauki ruwa shi ma."

Ta ci gaba da gugarta. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Yau da safe ta gan ni da biro da takarda, ta tambaya wa nake rubuta wa, na faɗa mata. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwandon kaya a kai. Abin da zan rubuta a ƙasa ban ƙara komai a kai ba, ka san ba na ƙarawa.

Mama tana gaishe ka. Ta ce yaya bayan.

'Yarka,
Auta